Isnadin Agogo

Tun kafin a san wani abu wai shi kwamfuta, akwai a birnin Landan wata dattijuwa mai suna Ruth Belville, wadda sana'arta ita ce sayar da lokaci, kuma ko da yake mai jin wannan magana yana iya ɗaukarta almara, tarihi ya kiyaye ta filla-filla. Mahaifinta, John Henry Belville, wanda yake ma'aikaci ne a gidan duban taurari na Greenwich, shi ya fara wannan ciniki a shekarar 1836. Da ya rasu a 1856 matarsa Maria ta ɗauka har zuwa 1892, sa'an nan 'yarsu ta gada, ba ta kuwa ajiye ba sai a 1940, bayan ta haura shekara 80 da haihuwa. Yadda abin yake shi ne, kowane mako takan ɗauki wani agogon aljihu na gado, wanda suka laƙaba wa suna Arnold saboda maƙerinsa, ta tafi Greenwich a gwada shi da babban agogon gidan, a ba ta takarda mai nuna iyakar saɓanin da ke tsakaninsu, daga nan ta bi masu gyaran agogo da 'yan kasuwa shago-shago, kowa ya dubi nata ya daidaita nasa, ya biya ladan da aka yanka masa.

Wanda ya lura da wannan sana'a zai ga ta tsaya a kan rukunai uku: asalin da ake ɗebo lokaci daga gare shi, da ɗan aiken da yake ɗauko shi, da shaidar da take sa mai saye ya natsu cewa ba a yi masa algus a hanya ba. Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin manyan masallatan Misra da Sham sun kasance suna da muwaƙƙiti, wato malamin da aka ɗora wa alhakin lissafin lokutan salla, kamar Ibn al-Shaɗir na masallacin Umayyawa a Dimashƙu, wanda ya ƙera agogon inuwa na marmara a wajen shekarar 1371. Ladanai suna karɓa daga gare shi, jama'ar gari suna karɓa daga ladanai. Mu kanmu mun tarar da iyayenmu suna kasa kunne ga rediyo, agogo a hannu, suna jiran mai gabatarwa ya ce ƙarfe kaza agogon GMT, su ƙara awa guda su murɗa. Ashe lokaci labari ne da ake ruwaitowa, kuma duk abin da ake ruwaitowa yana buƙatar isnadi.

Da kwamfutoci suka zo sai buƙatar ta ƙara tsanani, sabili da agogon da ke cikinsu ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗan ƙanƙanin dutsen kwats ne da lantarki yake kaɗawa, ana ƙirga kaɗawar ana mayar da ita daƙiƙoƙi, zafi yana sa shi ya sauya taki, sanyi ma haka, tsufa ma haka, har ya zama kwamfutar da aka bar ta da kanta tana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya ko fiye a yini guda. Ga mai jiran mota a tasha wannan ba kome ba ne, amma ga bankin da yake son sanin wanne ya riga wani tsakanin shigar kuɗi da fitarsu, ko ga mai binciken da yake jera bayanan kwamfuta goma domin ya gano ta inda ɓarawo ya shigo, daƙiƙa guda tana iya mayar da mai bin bashi wanda ake bi. Abin da ya fi wannan girma kuwa, kusan dukkan makullan intanet a kan lokaci aka gina su. Takardar shaidar da shafi yake nuna wa mai ziyara tana ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Lambobin nan 6 da wayar hannu take bayarwa domin shiga asusu suna sauyawa duk daƙiƙa 30. Tsarin Kerberos, wanda ma'aikatu da yawa suke tantance ma'aikatansu da shi, yakan rufe wa mutum ƙofa in saɓanin agogo ya wuce minti 5. Na taɓa ciro wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin gado, ɗan batirinta mai kama da kwabo ya mutu, ta farka tana zaton muna shekaru da yawa baya, sai ga shi duk shafin da na nufa ta ce ba ta amince da shi ba, domin a lissafinta ba a ma rubuta takardun shaidarsu ba tukuna. Na yi rabin yini ina zargin mai sayar mini da data, alhali kuwa mai laifin yana nan a kusurwar allo yana kallona.

Mutumin da ya ɗauki wannan matsala a ka, ya kuma rayu da ita fiye da shekara 40, shi ne David L. Mills, wanda aka haifa a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1938 da cutar hawan jinin ido, likita ya ceto masa ɗan gani a idon hagu tun yana yaro, kuma da wannan ɗan ganin ya yi karatu har ya sami digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1971. A 1977 ya kama aiki a kamfanin COMSAT mai harkar taurarin ɗan'adam, a daidai zamanin da ake ƙoƙarin haɗa hanyar sadarwa ta ARPANET ta Amurka da cibiyoyin bincike na Turai, a nan kuwa ya ga cewa ba shi yiwuwa a auna tsawon lokacin da saƙo yake ɗauka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan matuƙar agogunan ɓangarorin biyu ba su yi ittifaƙi ba. Ya rubuta wata manhaja da ya kira Fuzzball domin ƙananan kwamfutocin kamfanin DEC, waɗanda su ne suka riƙe ƙashin bayan hanyar sadarwa ta NSFNET a 1986, kuma a cikinta ya riƙa gwada dabarunsa na daidaita agogo. Bayanin farko ya fito a 1981 a cikin jerin takardun nan da ake kira RFC, inda injiniyoyin intanet suke rubuta ƙa'idojinsu. A watan Satumba na 1985 kuma RFC 958 ta fito da sunan da ya zauna har yau, wato NTP, ƙa'idar daidaita lokaci a kan hanyar sadarwa. Shekara guda bayan haka ya koma Jami'ar Delaware, daga can kuma gyare-gyare suka yi ta biyowa, a 1988 da 1989 da 1992, sa'an nan bugu na huɗu, RFC 5905, a 2010.

Dabarar da ke ƙarƙashin duk wannan ba ta fi ƙarfin ɗan firamare ba, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a kanta kaɗan, domin a cikinta ƙarfin NTP yake, a cikinta kuma rauninta yake. A ce ka aiki yaro gidan maƙwabcin da agogonsa ya fi naka inganci, yaron ya fita da ƙarfe 8:00 a agogonka. Da isarsa maigidan ya rubuta masa 8:15, suka gaisa, da zai taso ya sake rubuta masa 8:17, ya iso gare ka agogonka yana nuna 8:22. Yaro ya yi minti 22 a waje, a cire 2 na gaisuwa, saura 20 na tafiya da dawowa. In aka raba biyu, ya isa can ke nan da ƙarfe 8:10 a lissafinka, alhali maigidan ya rubuta 8:15, sai ka gane agogonka yana baya da minti 5. Wannan shi ne abin da kwamfuta take yi da tambarin lokaci guda huɗu a cikin ɗan ƙunshin saƙo, sai dai ita a kashi dubu na daƙiƙa take lissafi. Amma fa duk hisabin ya rataya a kan zato guda, cewa tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya ne; in yaron ya tsaya kallon dambe a hanyar zuwa, ya sheƙo da gudu a hanyar dawowa, to lissafi ya karkace, kuma babu abin da zai nuna maka haka a jikin takardar.

Sa'an nan Mills ya jera masu ba da lokaci ɗabaƙa-ɗabaƙa. A can sama akwai asalin kansa, wato agogon zarra, wanda tun 1967 aka yi ittifaƙi cewa kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken ƙwayar siziyam ita ce daƙiƙa guda, ko kuwa na'urar da take karɓar lokaci daga taurarin GPS. Kwamfutar da aka jona kai tsaye da irin wannan asali ita ce ɗabaƙa ta 1, wadda ta ji daga gare ta ita ce ta 2, haka har zuwa ta 15, wadda kuwa ta ce ita ta 16 ce, ta yi iƙirari ke nan cewa ba ta da abin da za a ruwaito daga gare ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji wannan tsari bai yi masa baƙo ba, ko da yake misali ne kurum nake bugawa, tsarkin wancan ilmi daban yake. Zai kuma tuna cewa gajeren isnadi ba shi ne ingantacce ba dole, domin ɗabaƙa ta 1 da ke bayan cunkusasshiyar hanya tana iya kasa ta 3 da ke maƙwabtaka. Saboda haka kwamfuta ba ta tambayar mutum ɗaya. Takan tambayi da yawa, kowanne ya ba da lokacinsa tare da iyakar kuskuren da zai yiwu a cikinsa, sai ta nemi gurbin da maganar mafi rinjaye ta haɗu, bisa wata dabara da aka gina a kan aikin Keith Marzullo. Waɗanda suka faɗa cikin gurbin Mills ya kira su masu bugun gaskiya, waɗanda suka yi waje kuma masu bugun ƙarya, domin shi mutum ne mai son laƙaba wa abubuwa sunaye na ban dariya. Wannan jarahi da ta'adili ne da na'ura take maimaitawa dare da rana, tana tambaya duk daƙiƙa 64 da farko, in ta natsu ta sassauta zuwa 1024. In ta sami kuskure ɗan kaɗan ba ta fizgar hannun agogo, sai ta lallashe shi ya ƙara taki ko ya rage; in ya wuce kashi 128 cikin dubu na daƙiƙa ta tsallakar da shi; in kuwa ya haura daƙiƙa 1000 sai ta ajiye aiki ta jira ɗan'adam ya zo ya duba.

Amfanin yawan masu ruwaya ya bayyana a ranar 19 ga Nuwamba 2012, sa'ad da kwamfutocin raba lokaci na gidan duban taurari na rundunar ruwan Amurka, waɗanda duniya take ɗauka siƙa ne babu tantama, suka wayi gari suna cewa shekarar 2000 ake ciki, na'urori da dama da suka dogara gare su kaɗai suka bi su a baya da shekara 12.

Tun farko Mills bai sayar da manhajarsa ba, bai kuma ɓoye rubutunta ba. Ya bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya raba, kamar rijiyar da aka yi waƙafinta a bakin hanya. Haka ma masu ba da lokacin, jami'o'i da hukumomi da ɗaiɗaikun mutane ne suke buɗe kwamfutocinsu fisabilillahi, har a 2003 Adrian von Bidder ya tattara masu sa kai cikin wata gamayya da ake kira NTP Pool, wadda Ask Bjørn Hansen yake kula da ita tun 2005, mai kwamfutoci dubbai a yau, ko da yake rabon nahiyarmu ta Afirka a cikinsu kaɗan ne ƙwarai, abin da yake sa ɗan aikenmu yakan ƙetare teku kafin ya samo amsa. An gina tsarin ne a zamanin da masu amfani da intanet 'yan ƙalilan ne, kusan kowa ya san kowa, saboda haka kwamfuta takan amsa wa duk wanda ya ƙwanƙwasa, ta kuma gaskata duk amsar da ta zo da kamannin wadda take jira.

Rijiyar waƙafi kuwa ba ta rasa mai zuwa da garken shanu. A watan Mayu na 2003 Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta ga ambaliyar tambayoyi, ɗaruruwan dubbai a kowace daƙiƙa, ta ɗauka hari ne, sai bincike ya nuna kamfanin Netgear ne ya ƙera na'urorin rarraba intanet na gida fiye da 700,000, ya dasa adireshin jami'ar a cikinsu, ya kuma sa su maimaita tambaya duk daƙiƙa in ba su ji amsa ba. Ba a iya kiran kayan da suka riga suka watsu a gidajen mutane, ƙarshenta dai kamfanin ya ba jami'ar dala 375,000. Poul-Henning Kamp na ƙasar Denmak, wanda ya buɗe agogon ɗabaƙa ta 1 domin amfanin cibiyoyin ƙasarsa, ya sha irin wannan daga kayan D-Link, sai da ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2006 kafin a sasanta. Akwai wani saƙo a cikin NTP da Mills ya raɗa wa suna sumbatar mutuwa, wanda ma'anarsa ita ce mai tambaya ya rage naci ko ya nemi wata ƙofa, sai dai marar ladabi ba ya jin irin wannan kashedi.

Waɗannan duk ganganci ne, ba mugunta ba. Mugunta ta zo a ƙarshen 2013, lokacin da mahara suka farga da wani tsohon umarni mai suna monlist, wanda aka tanada domin mai kula da kwamfuta ya ga adireshi 600 na ƙarshe da suka tuntuɓe ta. Tambayar 'yar ƙarama ce, amsar kuwa tana iya ninka ta fiye da sau 200, kuma tun da babu mai tantance adireshin mai tambaya, sai mahari ya rubuta adireshin wanda yake so ya cutar, ya aika wa dubban kwamfutoci, su kuma cikin kyakkyawar niyya su juye wa bawan Allah amsoshin da bai nema ba har hanyarsa ta toshe. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Cloudflare ya ba da labarin harin da ya kai kusan gigabit 400 a daƙiƙa, daga kwamfutocin NTP 4,529. A watan Disamba na wannan shekara masu bincike na Google suka gano ɓaraka a cikin ntpd kanta, wato manhajar Mills, mai iya ba baƙo ikon sarrafa kwamfuta daga nesa, har kamfanin Apple ya tura gyara zuwa kwamfutocin Mac ba tare da jiran izinin masu su ba, abin da bai taɓa yi ba kafin nan. A 2015 kuma Aanchal Malhotra da Sharon Goldberg da abokan aikinsu a Jami'ar Boston suka nuna cewa ana iya ƙirƙirar sumbatar mutuwa ta jabu a sa kwamfuta ta daina tambayar lokaci, ana kuma iya jan agogonta baya, musamman a lokacin da aka sake kunna ta, sa'ad da galibi ake ɗage mata sharaɗin nan na daƙiƙa 1000. Wanda kuwa ya mayar da agogonka baya ya rayar da takardun shaidar da suka mutu, har da waɗanda aka sace mabuɗansu.

A nan ne duniya ta waiwaya ta tambayi wane ne yake riƙe da wannan manhaja da bankuna da kamfanonin waya da gwamnatoci suke jingine da ita, sai aka tarar kusan mutum ɗaya ne, Harlan Stenn, wanda ya karɓi ragamar yayin da ganin Mills yake ƙara dusashewa, yana aiki daga gidansa a jihar Oregon, yana neman taimako ta wata gidauniya da ya kafa a 2011, Network Time Foundation, taimakon kuwa yana zuwa a ɗigo. Ni a ganina wannan ya fi dukkan ɓarakar da aka lissafa zama abin kunya, kuma kunyar ba tasa ba ce.

Daga nan hanya ta rabu, kamar yadda mazhabobi suke rabuwa bayan shuɗewar shehi. Tun 2004 Henning Brauer na ayarin OpenBSD ya riga ya rubuta OpenNTPD, ƙarama mai sauƙin bincike, wadda ta yarda ta rage ƙwarewa domin ta ƙara aminci. A 2015 wasu suka ɗauki rubutun ntpd suka buɗe reshe mai suna NTPsec, Eric S. Raymond yana jagorancin aikin, suka yi ta sassabe har suka zubar da fiye da kashi biyu bisa uku na rubutun, bisa hujjar cewa layin da babu shi ba a iya kai masa hari. Tsakaninsu da Stenn kuwa ba a rabu da daɗi ba. Amma wadda ta ci kasuwa ba tare da hayaniya ba ita ce chrony, wadda Richard Curnow ya fara a 1997 domin kwamfutocin gida masu shiga intanet ta wayar tarho na ɗan lokaci su fita, sa'an nan Miroslav Lichvar na kamfanin Red Hat ya gaje ta. Da yake an haife ta a cikin wahala, ta iya jure yankewar hanya da barcin kwamfuta da canjin zafi, ta kuma iya koyon halin dutsen kwats ɗin da take zaune a kansa, har ta ci gaba da gyara shi bayan hanya ta yanke. Binciken tsaro da kamfanin Cure53 na Jamus ya yi wa manhajojin a 2017 ya fito da ita da haske. Ta baya-bayan nan ita ce ntpd-rs, wadda kamfanin Tweede golf na ƙasar Holan ya rubuta da harshen Rust, harshen da yake toshe irin kurakuran ƙwaƙwalwar kwamfuta da suka addabi magabatanta, kuma a 2024 Let's Encrypt, mai ba miliyoyin shafuka takardun shaida, ta koma amfani da ita.

Sai dai gyaran manhaja bai warware asalin mas'alar ba, wato yadda za a san cewa amsar da ta iso daga wanda aka tambaya ta fito, ba wani ne ya tare ɗan aike ya sauya takardar ba. Tun bugun 1989 akwai hanyar sa hatimi da mabuɗin sirri wanda ɓangarorin biyu suka sani, amma raba irin wannan mabuɗi ga miliyoyin mutane ba shi yiwuwa. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta daɗe tana aika wa masu nema nasu mabuɗin a cikin ambulan ta gidan waya, abin da yake tuna wa mutum jakar Ruth Belville. Mills ya ƙago wata hanya mai suna Autokey, aka buga ta a 2010, ba a jima ba masana suka nuna sirrinta gajere ne, bit 32 kacal, ana iya gano shi da gwaji ɗaya bayan ɗaya, aka shawarci jama'a su bar ta. Sai a watan Satumba na 2020, shekara 35 cif bayan RFC 958, aka fitar da RFC 8915 mai bayanin NTS, sabuwar hanyar sa hatimin, aikin Daniel Franke da Dieter Sibold da Kristof Teichel da Marcus Dansarie da Ragnar Sundblad, daga Amurka da Jamus da Suwidin.

Hikimar NTS ita ce raba gaisuwa da ciniki. Da farko kwamfuta takan je wata ƙofa ta daban, mai lamba 4460, ta yi musafaha da mai ba da lokaci ta hanyar TLS, wato irin kariyar da shafukan banki suke amfani da ita, ta duba takardar shaidarsa, su fitar da mabuɗai biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Sa'an nan ya ba ta 'yan ƙunshi guda 8, kowanne kamar ɗinkakkiyar laya, mabuɗan suna ciki amma shi kaɗai yake iya farke ta. Daga nan duk sa'ad da za ta tambayi lokaci a tsohuwar ƙofar NTP mai lamba 123, sai ta haɗa da laya guda da hatiminta. Shi kuma ya farke, ya ga mabuɗan, ya amsa da nasa hatimin, ya haɗo mata da sabuwar laya a madadin wadda ta kashe. Ta haka ba ya buƙatar riƙe littafin sunayen miliyoyin masu tambaya, mai leƙen hanya ba ya iya bin sawun kwamfuta daga gari zuwa gari tun da ba a maimaita laya, kuma an kiyaye kada amsa ta fi tambaya girma, domin ba a manta da darasin monlist ba. Lokacin kansa ba a ɓoye shi, domin ƙarfe nawa ba asiri ba ne. Hatimi kurum ake buga masa. Cloudflare da Netnod ta Suwidin suna cikin na farkon buɗe wannan hidima ga jama'a, chrony ta karɓe ta a bugunta na 4.0 a watan Oktoba na 2020, NTPsec da ntpd-rs ma suna da ita.

Duk da haka akwai abin da hatimi ba ya magani. Wanda ya tare hanya, ko bai iya sauya harafi ɗaya ba, yana iya riƙe ɗan aike a hanyar zuwa ya sake shi a hanyar dawowa, lissafin rabin tafiya ya karkace gwargwadon jinkirin, iyakar abin da kwamfuta za ta yi shi ne ta ƙi amsar da ta daɗe fiye da kima. Hatimi kuma yana tabbatar da wanda ya yi magana, ba ya tabbatar da cewa bai yi kuskure ba, kamar yadda aka gani a 2012, don haka yawan masu ruwaya bai faɗi ba. Akwai kuma abin da malaman tauhidi suke kira dauri: ba a karɓar lokaci sai an gaskata takardar shaida, ba a kuma gaskata takardar shaida sai an san lokaci. Kwamfutar nan tawa ta ƙarƙashin gado da za ta tsaya cak a wannan mararraba, sai dai a yi mata rangwame a tambayar farko, kamar yadda chrony take ba da dama, ko a nemo mata kimanin lokaci ta wata hanya irin Roughtime da Google ya fito da ita a 2016.

Mills ya rasu ranar 17 ga Janairu 2024 a Newark ta jihar Delaware, yana da shekara 85, bayan ɗan ganin da ya rage masa ya tafi gaba ɗaya. Ya bar wa magadansa wani wa'adi a cikin ƙunshin saƙon da ya tsara, domin ya fara ƙirgar daƙiƙoƙi daga ranar 1 ga Janairu 1900, ya kuma ware musu gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 4,294,967,296, wato kimanin shekara 136. Gurbin zai cika ranar 7 ga Fabrairu 2036, da ƙarfe 6:28 na safe agogon GMT, ƙirga ta koma sifiri. Manhajojin da ake kula da su sun riga sun yi tanadi, za su gane an shiga sabon zagaye muddin agogonsu bai kauce wa gaskiya da shekara 68 ba. Amma ƙananan akwatunan nan masu araha, waɗanda aka liƙa a bango ko aka jefa bayan silin, kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da mantawa da su, daga cikinsu akwai waɗanda a safiyar wannan rana za su farka a farkon shekarar 1900, lokacin da Ruth Belville take cikin shekararta ta takwas tana zaga titunan Landan da Arnold a jaka.